Tambayi Kawu: Mai zane tsakanin abokai, mai galari da gidan tarihi

Jama'a sallama. Tunda na taɓo maganar sana'ar zane saƙonni suke ta shigowa, kuma abin da na lura shine kusan babu wanda ya tambaye ni yadda ake haɗa kala ko wane burushi ya fi wani, duk kukan a kan mutane ne, aboki ya yi kaza, mai galari (wato wajen da ake baje zane ana sayarwa) ya yi kaza, gidan tarihi sun ce kaza. Na zaɓo guda biyar, na cire sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Kawu barka da ƙoƙari. Ni mai zane ne, shekara shida kenan ina fenti a kan kanbas, wato ƙyallen da ake zane a kai. Akwai wani mai galari da muka shaƙu sosai tun ina ɗalibi, shine mutum na farko da ya rataye aikina a bango har jama'a suka gani, ni har yaya nake ce masa. Toh bara na kai masa zane goma sha ɗaya bamu rubuta komai ba, don wallahi kunya nakeji ince ya sa hannu a takarda kamar ban yarda dashi ba. Kwatsam sai naga hoton ɗaya daga ciki a falon wani mutum a Instagram, na kira shi yace eh an saya wata huɗu da suka wuce amma mai sayen bai gama biya ba, kuma wai anyi masa ragi saboda babban kwastoma ne, kuma ragin daga kasona za'a cire. Gashi dama rabin kuɗin yake ɗauka. Kawu rabi fa! Ni na sayi fenti, ni na sayi kanbas, ni na kwana ina aiki. Cutata akeyi ko dama haka abin yake? Kuma ya zanyi in nemi haƙƙina ba tare da mun ɓata ba?

AMSA: Ɗana, magana biyu ka cusa a buhu ɗaya, bari in raba maka su, don a ɗaya kana da gaskiya a ɗayar kuma baka da ita.

Maganar rabi tukuna. A nan bai cuce ka ba, haka kasuwar take kusan ko'ina a duniya, galarin da ke wakiltar mai zane yawanci hamsin cikin ɗari yake ɗauka a matsayin la'ada, wasu arba'in, sai in ka yi sunan da ake layi a kan aikinka sannan zaka iya murza gashin baki ka rage musu. Na san da zafi. Amma zauna ka lissafa abin da ke cikin rabin nasa, hayar waje, wuta, albashin ma'aikata, mai ɗaukar hoto, jigila, inshora, buga kundin baje koli, kuɗin rumfa a manyan kasuwannin zane irin su Art Basel wanda shi kaɗai ya isa ya durƙusar da ƙaramin galari, sannan babban abin da ba'a gani da ido wato mutanen da ya sani, masu sayen da ya shekara da shekaru yana lallaɓawa har suka yarda da idonsa. Kai fenti ka saya, shi jama'a ya tara.

Don haka ka daina tambayar me yasa rabi, ka fara tambayar me yake maka da rabin. Akwai wani dillali Bafaranshe, Paul Durand-Ruel, da ya haɗu da masu zane Monet da Pissarro a Landan wajen 1871 lokacin da yaƙi ya koro su daga Faransa. A wancan lokacin mutanen Faris dariya suke wa zanen waɗannan bayin Allah, amma mutumin nan ya dinga saye da kuɗin aljihunsa har ya kusa tsiyacewa, na Monet kaɗai ya sayi sama da 1,000, na Renoir wajen 1,500, kuma sai a 1886 da ya kwashi kaya ya kai Niyok kasuwa ta fara buɗe masa da gaske. Haka Leo Castelli da ya buɗe galarinsa a Niyok a 1957, shi alawus yake ba masu zanensa duk wata ko an yi ciniki ko ba'a yi ba, kuma baje kolin farko da ya yi wa Jasper Johns a Janairun 1958 gidan tarihin MoMA ya sayi guda uku a ciki. Irin waɗannan in sun ɗauki rabi halak malak. Amma wanda ƙusa kawai ya buga a bango ya zauna yana jiran Allah ya jefo mai saye, wannan mai ba da hayar bango ne, ba dillali ba. Kai ka san wanne ne yayan naka a ciki.

Yanzu inda kake da gaskiya. Zanen da ka kai galari ba sayar masa ka yi ba, ajiya ce, naka ne har ranar da aka saya, kuma ranar da kuɗi ya shiga hannunsa kasonka amana ne a wajensa ba jarin da zai juya ba. Wata huɗu bai ɗaga waya ya ce maka an sayi aikinka ba sai a Instagram ka gani? Wannan ba daidai bane ko da ɗan uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya. Sannan in har mai sayen bai gama biya ba me ya kai zanen falonsa, ai galari mai tsari ba ya sakin kaya sai kuɗi ya cika, in kuma ya saka don yarda da kwastomansa to shi ya ɗauki kasadar ba kai ba. Ragi kuma abin da aka saba shine ɗan kaɗan ne kamar goma cikin ɗari kuma ku biyu zaku raba shi, in zai wuce haka sai an tambaye ka tukuna. Ba zai yiwu ya yi kyauta da aljihunka ba shi kuma ya sha godiya.

Kunyar takarda da kace kana ji, ita ce ta kawo mu nan. Bari in baka labarin Mark Rothko, wani shahararren mai zane na Amurka. Ya rasu a Fabrairun 1970 ya bar zane 798, ya bar wasiyya a hannun mutum uku, dukkansu abokansa ne na kusa, ɗaya akantansa ne ɗaya mai zane ne kamarsa. Cikin 'yan watanni suka sayar wa galarin Marlborough guda 100 a kan dala miliyan 1.8 wanda za'a biya a hankali cikin shekara 12 babu ko ƙarin sisi, sauran 698 kuma suka damƙa wa galarin ya sayar a kan la'ada mai tsoka, alhali shi akantan yana da muƙami a galarin, mai zanen kuma galarin ya ɗauke shi yana sayar masa da aiki. 'Yarsa Kate, yarinya ce da ƙyar ta kai ashirin, ita ta kai ƙara a 1971, aka yi ta shari'a har 1975 kotu ta tsige su ukun, ta soke yarjejeniyar, ta yanke diyyar sama da dala miliyan 9. Abin lura a nan babu baƙo ko ɗaya a cikin mutanen da suka yi wannan aiki.

Ni kaina na sha. Ina saurayi na kai zane bakwai wani galari, mai wajen mutumin kirki ne har yau ba zan zage shi ba, bashi ya yi masa katutu aka rufe wajen, masu bin bashi suka kwashe duk abin da suka tarar a ciki, na je ina rantsuwa cewa nawa ne aka ce kawo shaida. Shaidata ita ce mun gaisa da hannu. Har yau ban sake ganinsu ba. Kaga takardar ba don tsoron yayanka kaɗai ake yinta ba, ana yinta ne don ranar da shi kansa ba shi da ikon kare ka, ko ya mutu magada su zo, ko kai ka mutu naka su zo. Ko addini ma cewa ya yi a rubuta bashi, kuma ba tsakanin maƙiya aka ce ba.

Abin da zaka yi, kada ka yi masa saƙon waya cikin fushi. Taka ka je, ka fara da godiyar da ya cancanta don ya cancance ta, sannan ka ce yaya ina so in tsara lissafin aikina ne gaba ɗaya, ga jerin goma sha ɗayan nan da hoton kowanne da girmansa da shekarar da na yi shi da farashinsa, mu duba wanne ke nan wanne ya fita. Shafi ɗaya ya isa. A rubuta kason kowa, a rubuta kwana nawa zai yi ya biya ka bayan kuɗi ya shigo, yawanci kwana 30 ake sawa, a rubuta iyakar ragi, da wanda zai ɗauki asara in zane ya lalace a hannunsa, da ranar da zaka iya kwashe abin da bai fita ba. Ku sa hannu kowa ya riƙe kwafi. In mutumin kirki ne zaka ga har ajiyar zuciya zai yi don shi ma ka sauƙaƙa masa. In kuwa ya ɓata rai ya fara cewa au yanzu ni zaka kawo wa takarda bayan duk abin da na yi maka, to ka lallaɓa ka kwaso goman da suka rage tun da sauran mutunci.

TAMBAYA: Kawu ina wuni. Ni da ƙawata tare muka gama makaranta, tare muka kama ɗakin aiki ɗaya muna raba haya shekara uku. Bara wani babban galari ya ɗauke ta, yanzu sai tafiye-tafiye takeyi ni kuma ina nan jiya i yau. Na roƙe ta sau biyu ta haɗa ni dasu tace toh toh amma shiru kakeji. Abin da yafi damuna shine na fara jin haushi duk lokacin da ta sa hoton baje kolinta har na daina yi mata barka a ƙasan hoton, kuma ni nasan ni ba mai hassada bace. Kuma in faɗi gaskiya akwai wani salon shuɗi mai duhu da ni na fara shi a ɗakin nan, yanzu shi ake ta yabonta dashi. In yi mata magana ko in haƙura?

AMSA: 'Yata, abin da kike ji kishin sana'a ne, kuma duk mai zanen da ya ce miki bai taɓa ɗanɗanarsa ba to ko ƙarya yake ko bashi da aboki. Ji a zuciya ba laifi bane, abin da kika aikata dashi shine abin dubawa, kuma daina yi mata barka da kika yi ta lura, ki tabbata ta lura.

Maganar shuɗi. Mutum biyu ba zasu shekara uku a ɗaki ɗaya suna shaƙar warin fenti ɗaya ba tare da hannun wannan ya shiga na wancan ba. Shahararrun masu zane Picasso da Braque daga wajen 1909 zuwa 1914 kusan kullum suna ɗakin juna, har aikinsu ya kai masana ma sai sun natsu kafin su bambance na wane da na wane, wani lokacin ko hannu basa sawa a gaban zanen. Na tabbata in kika duba da idon adalci zaki ga wani abu nata a aikinki. In kwafin zanenki guda ta yi sak ta sa sunanta wannan sata ce kuma sai a yi magana, amma kala ba ta da mai ita. Zama tare ɗin ma ba kowa ke iya shi ba, Gauguin ya je wajen Van Gogh a garin Arles a Oktoban 1888 da niyyar su zauna gida ɗaya suna aiki, sati tara kacal suka yi aka watse da rigimar da ta ƙare da Van Gogh ya yanki kunnensa. Ku kun yi shekara uku babu wanda ya zubar da jini, ai kun yi ƙoƙari.

Sai maganar ta haɗa ki dasu. Ki sa kanki a matsayinta, shekara ɗaya ta yi a wajen, ita ma baƙuwa ce bata gama sanin inda zata ajiye takalminta ba, kuma duk sunan da ta kai musu da mutuncinta take jingina, in basu so ba idonta zasu fara zargi. Mai yiwuwa ma ta ambace ki sun yi shiru, tana jin nauyin ta faɗa miki. Toh toh ɗin nan sau da yawa abin da yake nufi kenan. Kada ki roƙa karo na uku. Ki nemi abin da ƙawa kaɗai zata iya baki, ki ce zo ki ga sabbin da na yi ki faɗa min gaskiya ko da ɗaci, ki tambaye ta yadda aka tsara yarjejeniyarta, me suke nema, wa ke zuwa wajensu, wannan ilimin kyauta ne da mutane ke biyan kuɗi su samu.

Kuma gaskiya ne yawancin ƙofofin galari aboki ne ke buɗe su, ba saƙon imel ba, amma a lokacinsa yake buɗewa ba lokacin da aka matsa masa ba. Carmen Herrera 'yar asalin Kyuba ta shekara sama da hamsin tana zane a Niyok babu mai kallonta, sai a 2004 tana da shekara 89 wani abokinta mai zane, Tony Bechara, ya ambaci sunanta a wajen wani mai galari da yake neman wadda zata cike gurbi a baje kolinsa, daga nan kasuwarta ta buɗe, a 2016 gidan tarihin Whitney ya yi mata baje koli tana da shekara 101. Ba ina miki fatan ki jira har tamanin da tara ba, Allah ya kiyaye, amma ki lura lokacin da aka ambaci sunanta aikin yana nan jibge a gida yana jira. Naki yana nan? Ko haushin ya hana ki shiga ɗakin aiki?

TAMBAYA: Kawu na ba wani abokina kyautar zane shekaru biyar da suka wuce lokacin ba'a sanni ba, yanzu naji ya sayar dashi kuɗi mai kauri bai ko faɗa min ba. Ina da haƙƙi a kuɗin?

AMSA: A'a ɗana, kyauta in ta bar hannu ta bar shi. Abin da ya rage naka shine haƙƙin mallakar hoton, wato wanda ya sayi kanbas ɗin ba shi da ikon buga shi a riga ko kalanda ya sayar sai da izininka, wannan ba ya bin zanen sai in ka rubuta ka bayar.

Zafin da kake ji ba kai ka fara ba. A 1973 wani mai tara zane a Niyok, Robert Scull, ya kai kayansa gwanjo, a ciki akwai aikin Rauschenberg da ya saya dala 900 aka buga masa ƙararrawa a kan dala 85,000, shi mai zanen yana wajen yana kallo ko sisi bai samu ba, har sai da ya tare mutumin ya ture shi. Saboda irin wannan ne wasu ƙasashe suka yi dokar da ke ba mai zane ɗan kaso duk lokacin da aka sake sayar da aikinsa ta hannun 'yan kasuwar zane, Faransa tun 1920, Birtaniya a 2006, Amurka kuwa har yau babu irinta a matakin ƙasa. Sai ka bincika abin da dokar inda aka yi cinikin ta ce, amma kada ka sa rai da yawa, ko a inda dokar take cinikin da aka yi tsakanin mutum da mutum a gida yawanci baya shiga.

Laifin abokinka ɗaya ne, rashin sanar da kai. Mai yiwuwa matsi ne ya kai shi, kunya ta hana shi faɗa. Nan gaba duk wanda zaka ba kyauta ka ce masa da dariya, in ranar sayarwa ta zo ni zaka fara kira, kuma ka rubuta a littafinka wa ka ba, yaushe.

TAMBAYA: Kawu barka da wannan lokaci. Wani gidan tarihi ya ari zanena guda biyu don wani baje koli na wata uku, basu biya ni komai ba sai kuɗin mota. Yanzu an gama, mai tsara baje kolin tace suna so ɗaya ya zauna a wajensu dindindin amma basu da kasafin saye, in zan bayar kyauta. Mijina yace kada in yarda, mai galarina kuma yace in bayar da gudu. Ni kaina ya ɗaure.

AMSA: 'Yata, kowannensu akwai abin da ya hango. Mai galarinki ya san cewa layi ɗaya a tarihin aikinki da ke cewa gidan tarihi kaza ya mallaki zanenta yana ɗaga darajar duk sauran da ke hannunsa, shi yasa galari da yawa suke yi wa gidan tarihi ragin da basa yi wa kowa. Maigidanki kuma ya ga aikin wata da watanni zai fita babu ko kwabo. Tunda mai galarin zai ci riba a ciki, ki ce masa ya nemo ɗaya daga cikin manyan kwastomominsa ya saya ya ba gidan tarihin da sunansa, hanya ce sananniya, ke kin samu kuɗinki, attajiri ya samu sunansa a jikin bango, su kuma sun samu zane. A fara gwada wannan kafin a yi maganar kyauta.

In kuma kyautar zaki yi to ki shiga da idonki a buɗe. Na farko, mallaka ba ratayewa bace. Manyan gidajen tarihi ɗan kaɗan daga abin da suka mallaka ne ke bango, sauran na sito a cikin duhu, zanenki zai iya shekara ashirin bai ga fuskar mutum ba. Na biyu, maganar mai tsara baje koli ba ita ce maganar gidan ba, akwai kwamitin da ke amincewa da duk abin da zai shiga kundinsu a bashi lamba, in ba'a bi ta nan ba to zanenki kayan ado ne kawai a ofishin wani, in ta bar aiki babu wanda ya san labarinsa. Ki nemi takardar karɓa a hukumance. Na uku, dindindin ɗin ma ba tabbas bane, wasu gidajen suna sayar da abin da suka mallaka, gidan tarihin zane na Baltimore a 2018 ya sayar da guda bakwai har da na Warhol da na Rauschenberg don ya sayi na wasu. Ki tambayi ƙa'idarsu a kan wannan.

Dangantakar mai zane da gidan tarihi dama tun asali ba ta daidai wa daida bace. Gustave Caillebotte, mai zane ne mai hali da ya dinga sayen aikin abokansa su Monet da Renoir don ya tallafa musu, da ya rasu a 1894 ya bar wa gwamnatin Faransa tarin nasa da sharaɗin a rataye, ba a kai sito ba, sai da aka yi ta jan ƙafa wajen shekara biyu kafin a karɓi wajen arba'in a mayar da sauran. Kyauta fa, kuma irin zanen da yau ake layi a kalla. A 1971 gidan Guggenheim na Niyok ya soke baje kolin Hans Haacke saura 'yan makonni a buɗe saboda aikin ya tono harkar wasu masu gidajen haya, mai tsara baje kolin da ya tsaya masa ma aka sallame shi. A ɗaya gefen kuma akwai mai zane Clyfford Still na Amurka da ya ja baya daga kasuwar, ya riƙe kusan duk aikinsa, ya bar wasiyya cewa sai birnin da zai gina gida na aikinsa shi kaɗai za'a ba, ya rasu a 1980, sai 2011 aka buɗe gidan a Denver. Amma shi ya riga ya yi sunan da zai gindaya sharaɗi, ke da ni in muka gwada haka sai dai gara ta ci. Kuma kada ki ɗauka wannan ce damarki ta ƙarshe, Ibrahim El-Salahi na Sudan ya haura tamanin kafin gidan tarihin Tate Modern na Landan ya yi masa babban baje koli a 2013.

Ra'ayina, in gidan yana da tsari, yana da masu kula da lafiyar zane, yana buga kundi, kuma ɗalibai da masu bincike suna zuwa, ki bayar, amma guda ɗaya, kuma mai kyau ba wanda ya ƙi fita ba don shi zai tsaya a madadinki bayan ba kya nan. A takardar a rubuta cewa haƙƙin hoton naki ne, kuma zaki iya aronsa in kina da baje koli. Sannan nan gaba in an zo aro ki tambayi ladan mai zane tun kafin a ɗauka, mai gadi ana biyansa, mai buga ƙusa ana biyansa, ban ga dalilin da zai sa wadda aka taru don aikinta ta tashi da kuɗin mota ba. Ita kuma mai tsara baje kolin ki riƙe ta da kyau ko kin bayar ko baki bayar ba, irinsu basa zama waje ɗaya, inda ta koma da sunanki zata tafi.

TAMBAYA: Kawu wani ya ga aikina a galari sai ya nemo lambata yace zai zo ɗakin aikina ya saya kai tsaye, in rage masa kaɗan tunda babu la'ada, ni zan fi samu shima zai fi samu. Ya kake gani?

AMSA: Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski ɗana. A bangon wa ya ganka? Duniyar zane ƙarama ce, kafin wata ya zagayo mai galarin ya ji, kuma shi wannan mai sayen da bakinsa zai yi ta alfahari cewa ya samu da araha, daga ranar babu wanda zai sake biyan cikakken farashi a kanka, waɗanda suka saya a baya kuma su ji an mayar dasu wawaye. Ka bar shi ya zo, ka tarbe shi da fara'a, ka nuna masa har waɗanda basu bushe ba, in ya nuna wanda yake so ka faɗa masa farashin da ke galari, ka kira mai galarin a gabansa ka ce ga baƙonka nan ya zaɓa.